Ramar da likita ya ce a yi

Mu da likita ya ce mu rage ƙiba saboda tansiyo, barin tuwon dare bai ba mu wuya kamar bakin mutane ba. Mun rage sukari a shayin fada, muna zagaya filin ƙwallo bayan sallar asuba. Kilo 6 kacal suka tafi, sai ga tambaya: "Lafiya dai? Ko radiyo ta daina biya?"

Mace kuwa, sai a ce mijinta ya kasa riƙonta. Wata mai saurarenmu a Damagaram, da gorin dangin miji ya ishe ta, ta koma shan deksametazon na bakin kasuwa, ƙwayar da ke kumbura fuska, ta hau da tansiyo da sukarin jini. Ku da kuka yi mata dariya, wa zai biya mata ordonansi a cikinku?