LAFIYA UWAR JIKI: GUDAN JINI BAYAN AIKIN KWATANGWALO

Sau da yawa tsoho ko tsohuwa kan zame a makewayi, ƙashin kwatangwalo ya karye. A Abuja akan kai irin waɗannan Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, ko kuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a yi musu aiki. Da an fito da maras lafiya daga ɗakin tiyata sai dangi su yi hamdala, su ɗauka an gama. Alhali kuwa akwai sauran rina a kaba.

Jinin ƙafa ba ya komawa zuciya sosai sai da taimakon tsokar sha-raɓa, wadda ke matsa jijiyoyi sa'ad da mutum ke tafiya. In aka daɗe a kwance, sai jinin ya yi nawa. Ga rauni a jijiya, ga shi kuma jini yakan ƙara saurin daskarewa bayan karaya da aiki. To, waɗannan uku su ne ke haifar da gudan jini a jijiyoyin cikin ƙafa. Likitoci sun gano cewa in babu rigakafi, wajen rabin masu wannan karaya sukan same shi, galibi ba tare da wata alama ba.

Inda alama ta bayyana, akan ga ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo. Babban haɗarin shi ne gudan ya ɓalle, ya bi jini ya toshe jijiyar huhu. Nan da nan numfashi ya yi wuya, ƙirji ya riƙe, wani har ya yi tarin jini. Wannan yana kisa farat ɗaya.

Saboda haka likita kan ba da allurar heparin ko ƙwayar tsinka jini har kwana 35 bayan aiki, ya kuma sa a tayar da maras lafiya ya taka tun kashegari. Kada tausayi ya sa masu jinya su hana shi motsi, kada kuma a yanke magani don an sallamo shi. Ƙafar da ta kumbura ba a yi mata tausa, ba a kai ta wurin mai ɗori. Asibiti za a koma a ranar. Wanda kuma za a mayar gida Kano ko Sakkwato a mota, a riƙa tsayawa a hanya yana miƙe ƙafa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.