Ku bar yara su yi zane

Iyayenmu mata da maza, 'yan kasuwar Ƙonni, Malbaza da Illela, yau maganarmu a kan kayen lakwal take. Da yawanmu in muka buɗe kayen yaro muka tarar ya zana mota ko raƙumi a shafin baya, sai faɗa, wani sa'in har da bulala, wai ya ɓata takarda. Gaskiya ne kuɗin kaye da gumi ake samun su. Amma hana yaro zane hasara ce da ta fi ta takarda.

Ku da kanku kun san ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai sayen albasa a Galmi, da ta duba launin ɓawo da bushewar wuya ta san wadda za ta yi ajiya da wadda za ta ruɓe a hanya. Wannan idon yau da gobe ne ya ba ta shi. Haka yaron da zai zana albasa: dole ya tsaya ya dube ta, ya ga inda ta kumbura, inda saiwa ta fito. Ran da mushe ya ce a rubuta yadda kasuwar Laraba take ci a Ƙonni, yaron da ya saba dubawa shi ke da abin faɗi. Wanda bai saba ba, layi biyu sai ya tsaya yana cizon biro.

Ga misali a jiharmu. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa ya kuma rasu a 2015, da zane ya fara. A 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, fim ɗin zane wanda ya sa kwaɗi suka ba da labarin shugaba da tafiyarsa ta alfarma. Da shi da irinsa aka san sunan Nijar a sinimar duniya.

Zane kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Lallen amarya zane ne, haka adon ƙwarya, haka zayyanar allon mai sauka. Wanda yake ƙyamar zanen abu mai rai, ga mudu, ga amalanke, ga rumfar kasuwa.

Abin da muke roƙo ba ya cin ko dala. Ku ba yaro bayan kwali da guntun gawayi, ya zauna gefen rumfa ya zana abin da kuke sayarwa. In ya gama, ya rubuta layi uku a ƙasa, ya karanta muku, ku kuma ku nuna masa abin da idonsa ya tsallake. Malaman lakwal su ma kada su mai da lokacin zane na shara ko na hutu.

Yaron da ya koyi dubawa, ko bai zama marubuci ba, ba a cutarsa a awo. Allah Ya raya mana su.