Rowa da ƙiwuya ke kashe surfani, ku daina ɗora wa kwamfuta



Duk shekara in Sallah ta matso, kuka ɗaya muke ji daga rumfunan masu surfani da masu ɗinkin hula: wai kwamfuta ta kashe sana'a. Ana faɗi a bakin kasuwa, ana faɗi a fada wajen shan shayi. To, yau dai ku yi haƙuri, ba za mu taya wannan kuka ba. Sana'ar tana ciwo, gaskiya ne, amma an kama wanda ba shi ne ɓarawon ba.

Abu biyu ake cakuɗawa, bari mu raba su. Akwai injin surfani mai kwamfuta, irin na kamfanin Tajima na Japan da ire-irensa na ƙasar Sin da suka shigo atalye-atalyenmu. Ana sa masa kile, ya yi ta ɗinki shi kaɗai, suka ɗaruruwa cikin minti guda. Wannan ya taɓa abincin masu aikin hannu, babu mai musu. Sai kuma manhajar zane, wadda 'yan lakkol ke ce wa lojisiyel. Ita ba ta riƙe allura. Aikinta ta fitar da taswirar ɗinki, a buga a takarda, mutum ya bi da hannunsa.

Ga yadda take. Ka ɗauki hoton tsohuwar hula ko gaban riga da salula, ka sa a kwamfuta. Manhajar ta shimfiɗa zanen bisa gida-gida ƙanana, kowane gida suka ɗaya, kowane launin zare da alamarsa. Tana ƙirga maka yawan suka, ta nuna launin da zai fi cin zare tun ba ka je kasuwa ba. In ka zana rabin fure, ta juya maka ɗaya rabin daidai. In kan mai hular babba ne, ka faɗaɗa zanen ba tare da ka sake shi daga farko ba. Daga nan sai wajen masu fotokofi, a buga maka. Ko kuran ya ɗauke kwana uku, takardar tana nan, allura tana aiki. To, dan Allah, a nan wa aka kashe?

Yanzu mu zo inda ciwon yake. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma a wannan sana'a duka biyun sun haɗu.

Rowar manya ita ce ɓoye zane. Dattijo ya shekara arba'in yana zana aska biyu, aska takwas, tambari da dagi, ya san inda zaren tsamiya ke kwanciya da inda yake gardama, amma duk ilimin yana cikin kansa. Yaron da ke gabansa sai cike gurbi, ba a nuna masa tushen zanen, wai kada gobe ya buɗe tasa rumfar. Ranar da ido ya raunana ko ta Allah ta kasance, zanen ya tafi da mai shi. Tsofaffin rigunan Hausa suna ajiye a gidajen tarihi na Landan da Paris, an ɗauki hotonsu, an rubuta bayaninsu. Mu da muke da jikokin masu aikin, ina littafin zanen unguwarmu? Wa ya tattara shi?

Ƙiwuyar yara kuwa ta fi ba mu haushi, don su ne ke da kayan aikin a hannu. Matashi ya samu inji, maimakon ya koyi zane, sai ya sayi kile cike da zanen da wasu suka shirya can wata ƙasa, ko a turo masa ta WhatsApp, ya danna maɓalli. Shi ya sa ranar idi za ka ga sahu guda riga goma wuyansu iri ɗaya, ba ka bambance na Damagaram da na Dakar. Alhali manhajar tana nan. Akwai ta kuɗi irin Wilcom, akwai Ink/Stitch da ake saukewa kyauta a ɗora kan Inkscape. Wanda ya iya kwana yana kallon bidiyo a salula ba zai ce mana megar koyon zane ce ta gagare shi ba.

Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa kwamfuta ita ke yin komai. In ka jefa mata hoto ka bar ta ta juya da kanta, shirme take fitarwa: launi barkatai, suka cunkushe har shadda ta tattare. Sai wanda ya san allura ya zauna ya gyara, ya ce nan a bi tsaye, nan a bi kwance, nan a sassauta. Ke nan dattijon da ke tsinewa kwamfuta shi ne mutumin da kwamfutar ta fi bukata, shi kuma yaron da ke raina dattijon ba zai wuce kwafe-kwafe ba in babu shi.

Mun san abin da masu zane za su ce: in muka buga zanenmu a takarda, gobe kowa ya kwafe. Malam, ai an riga an kwafe. Hular da ka ɓata wata guda kana tsara ta, ranar da ango ya sa ta, salula nawa ta ɗauke ta? Bambancin kawai, wanda ya kwafa daga hoto bai san sunanka ba. Takardar da ka buga da kanka tana ɗauke da sunanka, garinka da shekarar da ka zana, kuma kai ke sayar da ita. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ke rajistar sababbin zane-zane. Ta wannan ƙofa aka kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi. Abin da mahauta da manoma suka iya da suka haɗa kai, masu allura ba za su kasa ba.

Ku tuna kuma da matan da ke ɗinkin hula da zanen gado cikin gida. Mace ta iya suka, hannunta ya faɗa, amma dole ta jira mai zane ya zana mata da biro, ta biya, in ya yi kuskure ita ke warware zare. Takardar zane guda tana iya zagaya gida goma, uwa ta koyar da ɗiya da ita. Da wannan ɗan kuɗin hula ake sayen sabulu, ana zubin adashe, ana haɗa kayan ɗaki. Duk mai cewa a nisanci kwamfuta, ya fara zuwa ya yi wa waɗannan mata bayani.

Abu ɗaya da ba za mu yafe ba shi ne ha'inci. Tela ya yi aikin inji ya sayar da sunan aikin hannu, wannan zamba ce. Masu saye, ku juya rigar ciki waje: aikin inji yana barin zaren ƙasa a jere, sau da yawa har da ragowar takardar da aka liƙa a baya. Kowane aiki a kira shi da sunansa, a biya shi kuɗinsa.

Saboda haka kiranmu a fili yake. Cibiyoyin koyon sana'a na kwaminoninmu da gidajen horar da mata su sa darasin zane a kwamfuta kusa da darasin allura. Ƙungiyoyin masu aikin hannu, daga Wadata a Yamai har Birnin Damagaram, su zaunar da dattijo ɗaya da matashi ɗaya gaban kwamfuta ɗaya, a fitar da zanen gari-gari, kowane da sunan mai shi. Ba a bukatar jiran wani furoje daga waje. Salula ɗaya, kwamfutar aro da kuɗin fotokofi sun isa a fara.

Iyayenmu masu surfani, ku buɗe hannu tun idonku na gani. Ƙannenmu masu inji, ku je ku durƙusa ku tambaya tun akwai wanda za a tambaya. In muka tsaya zagin na'ura, wata rana za a turo mana aska takwas cikin kile daga wata ƙasa, mu biya kuɗi kafin mu ɗinka wa 'ya'yanmu.

Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kai mu Sallah lafiya.