Fata Ta Warke, Zuciya Fa?

Jama'a, dattawa da samari, muna da magana. In wuta ta ƙone ɗan'uwa mukan cika asibiti da sannu. Ran da aka sallame shi sai mu ce ya warke, kowa ya kama gabansa. Ina warkewa ga wanda barci ya ƙaurace masa, in ya ga tukunyar gas gabansa ya faɗi, ko masallaci ba ya zuwa don kunyar tabo? Waɗansu su ce aljanu ne, waɗansu su ce ƙarancin tawakkali. Ba ko ɗaya. Ciwo ne, yana kuwa da likitocinsa.

Dokar Saudiyya ta 1999 ta wajabta wa mai kamfani ya yi wa baƙon ma'aikacinsa inshorar lafiya. Tun Oktoba 2022 inshorar nan tana ɗaukar kuɗin likitan ƙwaƙwalwa har riyal 50,000. Mai ita ya nemi haƙƙinsa, ba bara ba ce.

To, wanda ba shi da iƙama fa? Dā maƙwabta su ne inshorarsa, ga shi rushe-rushen Jidda na 2022 ya taɓa Madain Fahd, maƙwabta sun watse. Don haka muke kira ƙungiya ta buɗe asusu domin irin waɗannan. Dattawa su jagoranta, samari su bi gidaje ziyara. Mun iya tara kuɗin biki, ashe na jinya zai gagare mu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wassalam.