Ranar da kwamfutar ƙungiya ta ce ta cika

Sati biyu kafin rabon akwatinmu na bana a nan Tanut, sakatariyarmu ta zauna za ta shigar da zubin mako a kwamfutar da ke ajiye a gidanta, sai na'urar ta ƙi karɓa, wai babu wuri. Layin da ke nuna cikarta ya yi ja wur. Wani yaro a unguwa ya ce a kawo ya "formate" ta, wato ya share kome a soma daga fari. Da mun yarda, da lissafin shekara guda ya tafi, zubi da bashi da riba, ranar rabo kuma sai rantse-rantse. Kai ta Damagaram gyara, tafiyar fiye da kilomita 100 ce da kuɗin mota. Sai muka zauna da wata ɗiyarmu da ta yi lakkwal, muka bi abin a hankali.

Abin da ya fara tayar mana da hankali shi ne, a jikin na'urar an rubuta giga 500, amma a ciki 465 take nunawa. Har wata ta ce an cuce mu. Ashe tiya ce ta bambanta. Masu ƙera na'urar da 1000 suke awo, Windows kuwa da 1024. Hatsin bai ragu ba, kuma wannan wurin ba a iya dawo da shi, kada kowa ya karɓi kuɗinku a kansa.

Sauran wurin kuwa, mu muka cinye shi. A cikin Paramètres akwai Système, cikinsa akwai Stockage, nan ne na'urar ke faɗin abin da ya fi cika ta. Muna buɗewa sai kunya ta kama mu. Bidiyon biki ne, da na suna, da wa'azi da waƙoƙin da ake juyewa daga salula in ta cika da saƙonnin WhatsApp. Bikin wata ɗiya guda sau uku muka same shi, kowa ya zo ya sake juye nasa. Takardar lissafinmu ta shekara ko mega ɗaya ba ta kai ba, alhali doguwar bidiyo guda tana iya cin giga, shi kuwa giga ya kai mega dubu.

To, ga inda muka daɗe ba mu gane ba. Sakatariya ta rantse ta sha share bidiyoyi, kuma gaskiyarta. Sai dai abin da aka share a kwamfuta ba ya fita, kwandon shara yake komawa, wanda aka rubuta wa Corbeille, yana nan yana cin wurinsa har ranar da aka zubar da kwandon. Namu tun da aka kawo na'urar ba a taɓa zubarwa ba. Mun duba cikinsa ɗaya bayan ɗaya kafin mu zubar, don abin da ya fita daga nan ya tafi ke nan. Nan take jan layin ya koma shuɗi.

A Stockage ɗin akwai kuma Fichiers temporaires, tarkacen da na'urar ke tara wa kanta, ana iya kwashe su. Amma ku buɗe ido: a jerin akwai Téléchargements, kada ku sa masa alama sai kun leƙa ciki. Mu can muka iske takardun ƙungiya da aka aiko mana.

Matan Belbeji da ƙauyukan Tarka da suka soma ajiye lissafi a na'ura, ku sayi kle guda, ku riƙa juye lissafin duk bayan zama, a sa shi cikin akwati tare da littafin takarda, wanda har yau ba mu daina rubutawa ba. Ku sani abin da aka share daga kle ba ya biyawa ta kwandon shara.

Bidiyon bikin mun bar guda, mun juye wa uwar amarya a nata kle. Har yanzu tana ɗan fushi da mu a kan biyun da muka share.