Kuɗin Zaɓe: Wa Ke Biya a Ƙarshe?

Yau maganarmu a kan dokar kuɗin zaɓe take. Wani zai ce ina ruwan mai sanda da dokar 'yan siyasa? To, da ruwansa, domin sau da yawa kuɗin da aka watsar a filin taro, a bakin rijiya ake karɓo su.

Mu duba abin da ya faru a maƙwabciyarmu Najeriya, inda akasarin dabbobinmu ke ƙarewa ta kasuwannin Maigatari, Mai'aduwa, Jibiya da Illela. Ranar 25 ga Fabrairu 2022 ba za mu manta da ita ba: a ranar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar zaɓe. Dokar 2010 ta ce mai neman shugabancin ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 1. Ta 2022 ta mai da shi biliyan 5. Na gwamna ya tashi daga miliyan 200 zuwa biliyan 1, na sanata daga miliyan 40 zuwa miliyan 100. Gudummawar da mutum ɗaya zai iya ba ɗan takara kuwa, daga miliyan 1 ta koma miliyan 50. A shekarar ce kuma jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP a kan miliyan 40.

Mu yi lissafin da muka saba. A ƙaddara sa guda ya kai naira dubu 500. Takardar APC kaɗai bijimai 200 ke nan. Biliyan 5 kuwa bijimai dubu 10. Wane ɗan makiyayi ne zai shiga wannan kasuwa? Ke nan an rufe ƙofa ga duk wanda ba shi da uban gida.

Masu goyon bayan ƙarin sun ce darajar naira ta faɗi, mai da motoci sun yi tsada, gara doka ta bi gaskiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba mu musa ba. Amma attajirin da ya ba da miliyan 50 ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba, kuma yana jiran riba. Abin da ya fi wa mai mulki sauƙin biya da shi shi ne filin da babu mai takardarsa: hurumin kiwo, burtali da mashaya. Tun 1965 Arewacin Najeriya ke da dokar keɓe wuraren kiwo, amma duk wanda ya bi shanu ya san yadda gonaki da shinge suka cinye da yawansu. Wanda ba shi da murya a majalisa, nasa ake fara yanka.

Haka kuma maganin da aka kawo ya zo da nasa ciwon. A Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce zai canza takardun naira 200, 500 da 1000, aka kuma ce hakan zai rage sayen ƙuri'a a zaɓen Fabrairu 2023. Tsabar kuɗi ta ɓace. Mu da cinikinmu na hannu da hannu ne, ga sa a turke, ga mai saye, babu abin biya. Dillali bai ga la'ada ba, mai dabba ya karyar don ya sayi hatsi. Sai a Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. 'Yan siyasa suka yi ɓarna, mai saniya ya biya tara.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijar, a zaɓen 2020, sai da kowane mai neman shugabanci ya ajiye miliyan 25 na sefa. A 2023 soja suka karɓi mulki, a 2025 aka rushe jam'iyyu. Duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, lalle mu kasance a wurin, kamar yadda ƙungiyoyinmu suka tsaya har aka samu dokar kiwo ta 2010.

Abu uku muke nema. Na ɗaya, a sa iyakar kuɗin takara daidai da ƙarfin talaka. Na biyu, a bayyana sunan duk wanda ya ba da babbar gudummawa, don in an ba shi fili gobe a san dalili. Na uku, a hukunta wanda ya wuce iyaka, domin dokar da ba ta da bulala ado ce kawai.

Mu kanmu da sauran gyara. Ardon da ya karɓi buhun shinkafa ya ba da ƙuri'ar ruga, ya sayar da burtali da hannunsa. Shinkafa ta kwana bakwai ce, shinge kuwa har jikoki. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya albarkaci dukiyarmu, amin.