Tambayar West Lothian: Wa Ke Da Ikon Jefa Ƙuri'a Kan Ingila?

A cikin watan Nuwamba na 1977, lokacin da Majalisar Wakilan Birtaniya ke muhawara kan shirin ba Sikotilan majalisarta ta kanta, wakilin mazaɓar West Lothian, Mista Tam Dalyell, ya tashi ya yi wata tambaya. Ya ce yaya za a yi shi ya riƙa jefa ƙuri'a kan makarantu da asibitocin garin Blackburn na Ingila, alhali kuwa ba shi da ta cewa kan na wani garin Blackburn da ke cikin mazaɓarsa, tun da al'amuran can za su koma hannun majalisar Edinbura? Mista Enoch Powell ne ya raɗa wa maganar suna Tambayar West Lothian, sunan kuwa ya bi ta har yau.

Matsalar ta girmi Dalyell. Firayim Minista Gladstone ya yi fama da ita a kan Ailan: a 1886 ya nemi a fitar da wakilan Ailan daga majalisar London ɗungurungum, a 1893 kuma ya kawo shawarar su riƙa shiga suna fita gwargwadon abin da ake tattaunawa, daga baya shi da kansa ya janye ta.

Abin ya tashi daga zato ya zama gaskiya bayan da Sikotilan ta sami majalisarta a 1999. A watan Janairu na 2004 gwamnatin Tony Blair ta kawo shirin dokar da zai ba jami'o'in Ingila damar karɓar kuɗin karatu har fam 3,000 a shekara. Shirin ya tsallake da ƙuri'a 316, masu adawa 311. Da wakilan Ingila kaɗai aka ƙidaya, da ya faɗi. Wakilan Jam'iyyar Leba daga Sikotilan ne suka cece shi, watau mutanen da ɗaliban mazaɓunsu ba za su biya kuɗin ba in a gida suka yi karatu. Ɗalibin Manchesta da aka ɗora wa wannan nauyi ba shi da hanyar hukunta wakilin Gilasgo ranar zaɓe. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, bai kamata a raina shi ba.

Amma maganin da aka gwada bai warkar ba. Washegarin ƙuri'ar raba gardama ta 2014, wadda kashi 55 cikin 100 na masu zaɓen Sikotilan suka zaɓi zama cikin Birtaniya, Mista David Cameron ya yi alkawarin sauraron Ingila. A Oktoba 2015 aka gyara ƙa'idojin majalisa: Kakaki zai tantance sashen dokar da ya shafi Ingila kaɗai, kuma ba zai wuce ba sai wakilan Ingila sun yarda. Ikon hanawa aka ba su, ba ikon zartarwa ba. Shi ya sa a Maris 2016 wakilan jam'iyyar SNP suka taimaka aka kayar da shirin ƙara sa'o'in buɗe manyan kantuna ran Lahadi a Ingila da Wales, ko da yake a Sikotilan tasu babu irin wannan ƙayyadewa. An dakatar da tsarin a 2020 saboda annobar korona, aka soke shi a Yuli 2021, ba wanda ya yi masa makoki.

Soke shi daidai ne. Da farko, da wuya a sami dokar da ta tsaya a Ingila kaɗai. Bisa lissafin nan na Barnett, wanda aka soma aiki da shi tun ƙarshen shekarun 1970, duk abin da aka ƙara ko aka rage a kuɗin lafiya ko ilmi na Ingila yana taɓa kason da Baitulmali ke aika wa Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa. Wakilin da aka ce ya yi shiru kan asibitocin Ingila, an rufe masa baki ne kan kuɗin asibitocin mutanensa. Har ila yau, majalisar da ta raba wakilanta gida biyu tana iya wayi gari da gwamnatin da ke da rinjaye kan yaƙi da haraji, amma ba ta da shi kan makarantu. Wa ke mulki a ranar nan?

Tushen cutar shi ne Majalisar Westminster tana aiki biyu, ita ce majalisar ƙasa duka, ita ce kuma majalisar Ingila. Abin mamaki, Turawan da suka tsara wa Nijeriya mulkin tarayya a 1954, suka rubuta abin da ke na tarayya da abin da ke na jihohi dalla-dalla, sun kasa yi wa gidansu haka. Suna da uzuri: cikin kujeru 650 na majalisa, Ingila ce ke da 543 tun zaɓen 2024, Sikotilan 57, Wales 32, Ailan ta Arewa 18. Majalisar Ingila ta daban za ta yi gogayya da ta ƙasa, shugabanta kuma zai iya shafe Firayim Minista. Da aka tambayi mutanen Arewa maso Gabashin Ingila a 2004 ko suna son majalisar yankinsu, kusan kashi 78 cikin 100 suka ƙi, ga shi kuwa ikon da aka yi musu tayi bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka hanyar da ta rage ke nan. Tun 2017 manyan yankuna irin su Manchesta da kewayenta suke zaɓen magajin gari mai iko kan sufuri da wasu ayyuka. Lalle ne a faɗaɗa wannan iko, a haɗa shi da kuɗin da doka ta tabbatar, ba wanda minista zai bayar yau ya janye gobe ba. Gwargwadon abin da aka yanke a Manchesta da Bamingam da Liz, gwargwadon raguwar abin da wakilin Gilasgo zai tsoma wa hannu a London.